Inda Aka Rubuta Sunayen Sojan Ƙasar Haɗeja

A ƙasar Ingila da ta Faransa, da wuya mutum ya shiga ƙauye bai ga wani dogon dutse a kafe a dandali ko a gefen majami'a ba. A jikin dutsen an sassaƙa sunayen mutane, wani ashirin, wani hamsin, wani fiye da haka. Waɗannan su ne 'yan ƙauyen da suka tafi yaƙi ba su komo ba. Yawancin duwatsun an kafa su ne bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918. Da aka gama na biyu cikin 1945, sai aka ƙara sababbin sunaye a ƙarƙashin na da. Kowace shekara, cikin watan Nuwamba, mutanen gari su kan taru a gindin dutsen, a karanta sunayen ɗaya ɗaya, sa'an nan kowa ya yi shiru na ɗan lokaci.

A ƙasar Hausa ba a saba da wannan al'ada ba. Musulmi ba su cika yin gini a kan kabari ba. In an binne mutum, a kan sa itace ko fasasshen tulu don shaida, a yi masa addu'a, a watse. Sunansa kuwa a baki ya ke zama. 'Ya'yansa su kan sa wa nasu 'ya'yan, maroƙa su kan ambace shi cikin kirari, tsofaffi su kan ba da labarinsa da dare a ƙofar gida.

Ga misali a Haɗeja. Ran 25 ga watan Afrilu, 1906, rundunar Turawa ta zo daga Kano a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, ta faɗa wa birnin. Mutanen Haɗeja suna da dawaki da masu da takubba, Turawa kuwa suna da igwa da bindiga mai ruwa. Aka yi ta gwabzawa cikin gari har ƙofar fada. A nan aka kashe Sarki Muhammadu, tare da waɗansu 'ya'yansa da manyan fadawansa masu yawa. Tun daga ran nan ba a kiransa sai Muhammadu Mai Shahada. Shekara fiye da ɗari ke nan, amma laƙabin bai goge ba, ko da ya ke ba a jikin dutse aka sassaƙa shi ba.

Wani abin lura shi ne, sojan da Turawa suka kawo ran nan, hafsoshi da waɗansu sajan-sajan ne kaɗai Turawa. Sauran duk baƙar fata ne, da yawansu kuma Hausa su ke ji. Ba a yi shekara arba'in ba, sai ga samarin ƙasar Haɗeja su ma sun sa kaki irin nasu.

Ga yadda abin ya faru. Cikin 1939 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Jamus, daga baya Italiya da Jafan suka shiga wajen Jamus. Nijeriya a sa'an nan tana hannun Ingilishi, saboda haka suka nemi soja daga gare ta. A zamanin nan Usman ne Sarkin Haɗeja. Umurni ya kan fito daga Razdan da Di'o zuwa ga sarakuna, sarki ya aika wa hakimai, hakimi ya aika wa dagatai, dagaci ya nemo samari. Waɗansu sun ba da kansu don son ganin duniya, ko don albashi, ko don neman kuɗin aure. Waɗansu kuwa ba da son ransu suka tafi ba, an dai nuna su ne, ba su da ikon ƙi.

Auyo tsohon gari ne a ƙasar Haɗeja, yana cikin fadamar kogi. Mutanen wannan yanki manoma ne da masunta da makiyaya. Saurayin da ya tashi a nan ya san dawa da gero da shinkafar fadama, ya san kwalekwale da koma, amma bai taɓa ganin teku ba. Babbar hanyar fita daga ƙasar a lokacin ita ce ta jirgin ƙasa mai tafiya daga Nguru zuwa Kano, wanda ke tsayawa a tashar Malam Madori. Daga Kano sai Zariya, inda makarantar horad da sababbin soja ta ke. A can a kan aske wa mutum kai, a auna tsawonsa da ƙirjinsa, a ba shi lamba, a koya masa fareti da harbi.

A wajen rubuta suna kuma akwai wata al'ada ta soja. Malamin da ke riƙe da littafi ba ya cika tambayar sunan uba. Ya kan rubuta sunan mutum ne da na garinsa. In Audu ne daga Kano, ya zama Audu Kano ke nan har ya bar soja. Wanda ya fito daga ƙaramin gari, sau da yawa sunan babban birnin ƙasarsu ya kan bayar, don shi aka fi sani. A riƙe wannan, gama za a komo kansa.

Sojan Nijeriya sun fara yaƙi ne a Gabashin Afirka, inda suka kara da Italiya. Sun ci birnin Mogadishu cikin Fabrairu, 1941, suka bi abokan gaba har cikin ƙasar Habasha. Amma yaƙin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na Burma, wadda tsofaffi ke kira Bama. Ba Bama ta Barno ba ce, wata ƙasa ce gabas da Indiya, yanzu ana ce da ita Myanmar. Jafan ta ƙwace ta daga hannun Ingilishi cikin 1942.

Don ƙwato ta aka haɗa manyan runduna biyu na sojan Afirka ta Yamma, watau Nijeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Gana, da Saliyo, da Gambiya. Ana kiransu Runduna ta 81 da Runduna ta 82. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, don a tatsuniyoyin Gana ma Gizo shi ne sarkin dabara. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Runduna ta 81 ta shiga jirgin ruwa cikin 1943, ta kewaye ƙarshen Afirka ta Kudu, ta yi makonni a kan teku kafin ta sauka a Bombai ta ƙasar Indiya. Ta 82 ta bi bayanta cikin 1944.

Manyan Turawan soja sun zaci duk mutumin Afirka ɗan kurmi ne, saboda haka suka ce su ne suka dace da dajin Burma. Wannan zato kuwa kuskure ne. Mutumin Auyo a sarari ya tashi, inda ido ke kai wa nesa, sai kuka da giginya da goruba jefi-jefi. A Haɗeja ruwan sama na shekara wajen inci 25 ne. A Arakan, lardin Burma da aka kai yawancinsu, ya kan kusa inci 200. Ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai, gora ta rufe ko'ina, har mutum ba ya ganin wanda ke gabansa da taki goma. Ga sauro, ga matsattsaku, ga atuni. Cuta ta kwantad da mutane da yawa waɗanda harsashi bai taɓa ba.

Babu hanyar mota a wuraren nan. Sojan Runduna ta 81 da kansu suka sare daji da adda da gatari, suka fasa tudu da diga, suka yi hanya mai tsawon mil saba'in da wani abu zuwa kwarin kogin Kaladan. Abinci da harsashi kuwa daga sama su ke zuwa: jirgin sama ya kan zo ya sako buhuna da akwatuna a ɗaure da laima. To, in kaya sun sauka, wa zai ɗauka? A nan ne amfanin gammon nan ya fito. Cikin kowace runduna akwai dubban 'yan dako. Su ma soja ne masu lamba, amma aikinsu ɗaukar kaya a ka. Su ne ke ɗaukar harsashi, da sassan igwa, da akwatin waya, da waɗanda aka yi wa rauni, suna hawan tsauni cikin taɓo, yawancinsu ba su da makami sai adda. Da ba don su ba, da rundunar ba ta yi tafiyar kwana biyu ba. Amma in ana ba da labarin yaƙi, ba safai a kan tuna da su ba.

Waɗansu bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka haɗa da wata runduna da ake kira Chindit. Cikin 1944 aka ɗauke su a jirgin sama, aka sauke su can bayan sansanin Jafan, don su tsare wuraren da aka kafa na datse hanyar abokan gaba. Sauran kuwa suka yi ta kutsawa kudu cikin Arakan. A watan Janairu, 1945, rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Kafin sojan su komo, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya tafi har can ya gaishe su, suka ji daɗin ganin sarki daga gida. Jafan ta sallama cikin Agusta, 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa da yawa ba su ga gida ba sai 1946. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙa mai suna Maraba da Soja.

Waɗanda suka komo, waɗansu sun zama 'yan doka, waɗansu direbobi, waɗansu masinjoji a ofisoshin En'e. Mafi yawa gona suka koma. Kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na Baturen soja mai muƙami ɗaya da su ba, ko da ya ke harsashi bai bambanta su ba.

Waɗanda ba su komo ba fa? Wanda ya faɗi cikin kurmi, a nan 'yan'uwansa su kan haƙa rami su rufe shi, su yi gaba. Damina ɗaya ta isa ta shafe wurin. Bayan yaƙi, hukumar da ke kula da kaburburan soja na ƙasashen da Ingila ta mallaka, wadda aka kafa tun 1917, ta gina babbar maƙabarta a Taukkyan, arewa da birnin Rangun, wanda yanzu a ke kira Yangon. Akwai kabari fiye da 6,000 a cikinta. A tsakiyarta an jera dogayen ginshiƙan dutse, an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda kabarinsu ya ke ba. An buɗe wannan gini cikin Fabrairu, 1958. Akwai Ingilishi, akwai Indiyawa, akwai mutanen Afirka, kowa a ƙarƙashin sunan rundunarsa. Wanda ya tsaya a gaban sashen sojan Nijeriya, sai ya ga kamar taswirar Arewa ya ke karantawa, gama bayan sunan mutum na garinsa ne ke biye, kamar yadda malamin soja ya rubuta a Zariya.

Ba dukan sojan Afirka ne suka sami ko wannan ba. A Yaƙin Duniya na Farko sojan Nijeriya sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, an kuma kafa musu duwatsun tunawa a garuruwa kamar Zariya da Lakwaja. Amma cikin 2021 hukumar nan ta kaburbura ta fito ta yarda cewa mutum aƙalla 116,000 da suka mutu a wancan yaƙi, yawancinsu 'yan Afirka masu dako, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a kan haka.

A nan gida, sunayen wuraren yaƙin ne suka fi zama. Barikin Dodan na Ikko, inda shugabannin ƙasa suka zauna kafin a koma Abuja cikin 1991, sunan wani wuri ne a fagen yaƙin Burma. Haka barikin Myohaung da na Arakan a Ikko, da na Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Chindit a Zariya. Ranar tunawa da soja kuwa, da ran 11 ga Nuwamba a kan yi ta, kamar Ingila. Daga baya aka mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa na Nijeriya ya ƙare cikin 1970. A ran nan a kan yi fareti a Abuja da manyan biranen jihohi, har da Dutse, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru.

Tsofaffin sojan Burma kusan duk sun rasu, gama wanda ya tafi yana ɗan shekara ashirin, yau ya haura ɗari. Abin da ya saura a gidaje shi ne lambar girma a ƙasan adaka, da tsohuwar takardar sallama, da labarin da jikoki suka ji. Littafin sunayen mamatan kuwa hukumar ta sa shi a intanet, kowa yana iya dubawa. Mai neman ɗan ƙasar Haɗeja a ciki sai ya tuna Turawan zamanin nan Hadeija su ke rubutawa.

Tambayoyi

1. Me a kan sassaƙa a jikin dutsen da ke ƙauyukan Ingila da Faransa?
2. Don me a ke kiran Sarkin Haɗeja Muhammadu da sunan Mai Shahada?
3. Mene ne alamar Runduna ta 82, kuma don me aka sa gammo a cikinta?
4. Faɗi bambanci uku tsakanin ƙasar Auyo da lardin Arakan.
5. Tambayi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku sunan mutum ɗaya da ya tafi yaƙin Bama. Rubuta sunansa, da na ubansa, da na garinsa, ka kawo wa malam.