Tsiraici Ba Shi Kaɗai Ne Ma'aunin Wasan Bidiyo Ba: Shawara Ga Iyayen Zangon Kumasi

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da iyaye da malaman makaranta ke yi game da wasannin bidiyo a unguwannin Zangon Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line, babu wanda ya kai na tsiraici yawan maimaituwa, kuma siffarsa kusan ɗaya ce kullum. Uba ko wa yakan leƙa wayar yaro, ko talabijin ɗin gidan gem, wato shagon da yara ke biyan kuɗi su buga wasa na ɗan lokaci, ya ga mace cikin tufafin da ba su suturta ta ba, nan take a ƙwace waya, a zane yaro, wani lokaci har a kai ƙarar mai shago gaban limami ko mai unguwa. Abin da ba a tambaya shi ne tsawon watannin da yaron ya yi a cikin wasan nan yana harbe mutane, yana take su da mota, yana kwashe kuɗinsu, alhali manya na wucewa ta bayansa suna gani babu mai cewa uffan. A kan wannan ɗabi'a aka gina wata magana da ta zama tamkar ƙa'ida, cewa duk wasan da babu tsiraici a cikinsa mai tsabta ne, harbi kuwa ai wasa ne kawai. Wannan magana kuskure ce, kuma yaran da ake ƙoƙarin karewa su ne ke ɗaukar nauyin kuskuren.

Dalilan da suka haifar da wannan bambanci ba su da wuyar ganewa. Hukuncin al'aura sananne ne ga duk wanda ya zauna a makarantar allo, kunya kuma ginshiƙi ce a tarbiyyar Bahaushe, ga shi tsiraici da kallo ɗaya ake gane shi. Faɗa da zubar da jini kuwa ido ya saba da su tun zamanin finafinan Cana da na Indiya da na Amurka, har ana ɗaukarsu alamar jarumta ga ɗa namiji, don haka ba sa tayar wa kowa hankali.

Ba Zango kaɗai ke da wannan karkata ba, kuma sanin haka yana taimakawa wajen gane cewa abin da ke girgiza al'umma sabo ne ke tsara shi, ba auna girman cutarwa ba. A Amurka, bayan zaman sauraron ba'asi da Majalisar Dattawa ta yi a 1993 a kan wasanni irin su Mortal Kombat, kamfanonin wasa sun kafa hukumar ESRB a 1994 domin ta riƙa sanya wa kowane wasa alamar shekarun da suka dace da shi. Wasan Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004 cike da kisa da fashi da faɗan 'yan daba, ya samu alamar 'yan shekara 17 zuwa sama, aka sayar da shi a manyan kantuna ba tare da wata babbar matsala ba. Da aka gano a 2005 cewa akwai wani ɓoyayyen sashe na saduwa a cikinsa, sai 'yan siyasa suka tashi tsaye, aka mayar da alamarsa ta manya zalla, manyan kantuna suka janye shi daga kanta, kamfanin ya yi asarar miliyoyin daloli. A 2011 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasanni masu tsananin zubar da jini, alhali kotun ta amince tun 1968 cewa ana iya hana sayar musu da mujallun tsiraici. Jamus ta daɗe tana bin akasin wannan hanya, domin a can jini ne ya fi damun hukuma, har aka riƙa fitar da nau'o'in wasanni na musamman da aka mayar da sojojin cikinsu mutum-mutumin ƙarfe. A ƙasar Hausa ma, ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda rungumar da ta fito a wani bidiyon waƙa, hukuncin da ba a saba jin an yanke irinsa a kan fim don yawan sara da suka ba.

Sai dai gyaran wannan kuskure bai kamata ya jefa iyaye cikin ji-ta-ji-ta ta biyu ba, wadda ita ma take yawo a majalisu da wasu wuraren wa'azi, cewa wasan harbi shi ke ƙera 'yan fashi da 'yan daba. Bincike bai tabbatar da haka ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2015 cewa akwai alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da ƙaruwar zafin rai da tsokana, amma babu isasshiyar hujja da ke haɗa su da aikata manyan laifuka, ta kuma sake jaddadawa a 2020 cewa ɗora alhakin tashe-tashen hankula a kan wasan bidiyo ba shi da tushe na ilimi. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Oxford suka wallafa a 2019, a kan matasa kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, bai samu alaƙa tsakanin yawan buga irin waɗannan wasanni da halin faɗa ba. Illar da ya kamata a duba ta fi wannan kusa da gida, domin ƙaramin yaro, wanda bai gama rarrabe gaskiya da kwaikwayo ba, yakan firgita, ya yi munanan mafarkai, ya kwaso zagi da ashar, ya gwada kan ƙanensa dukan da ya gani, kuma yawan ganin azabtarwa a matsayin abin dariya ba tarbiyyar da wani uba zai zaɓa wa ɗansa da saninsa ba ce. Malamai sun san cewa kisan kai na cikin manyan zunubai kamar yadda zina take, kuma shari'a ta hana daddatsa gawa ko da a fagen yaƙi, don haka abin mamaki ne a ce wasan da ladarsa ita ce tsinke kan abokin hamayya ya wuce ba tare da an ko ɗaga kai ba.

Ma'aunin da ya fi idon mai wucewa inganci yana nan a rubuce, kuma rashin karanta shi shi ne babban sakaci. Yawancin faya-fayan PlayStation da ake shigowa da su Ghana suna ɗauke da alamar PEGI, wato tsarin ƙasashen Turai da aka fara a 2003, ko kuma ta ESRB. Alamar PEGI lamba ce a kusurwar kwali, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, kuma wannan lamba ba ta nufin wahalar wasan ko ƙwarewar da ake buƙata, kamar yadda wasu iyaye ke zato har suna alfahari cewa ɗansu ɗan shekara goma yana cin wasan 'yan sha takwas. Lambar tana nufin mafi ƙarancin shekarun wanda ya dace ya ga abin da ke ciki. A bayan kwali akwai ƙananan zane-zane da ke faɗin dalili: dunƙulen hannu na nufin faɗa da zubar da jini, gizo-gizo na nufin abin tsoro, allura na nufin miyagun ƙwayoyi, 'ya'yan ludo na nufin caca, alamun namiji da mace a haɗe kuma na nufin batsa. Grand Theft Auto V na 2013 da Mortal Kombat 11 na 2019 duk lambarsu 18 ce, kuma a cikin na farkon akwai sashen da mai wasa da kansa yake azabtar da wani mutum a ɗaure, yana cire masa haƙori da filaya, yana jona masa wutar lantarki, ba tare da wata mace ta bayyana a wurin ba. Wasan ƙwallon ƙafa na FIFA, wanda yanzu ake kira EA Sports FC, ya daɗe yana ɗauke da lamba 3 a yawancin fitowarsa. Gaskiya ne cewa wasannin da ake ɗura wa na'ura a shagunan Adum da ke Kumasi ba su da kwali, amma wannan ba uzuri ba ne, domin rubuta sunan wasa tare da kalmar PEGI a intanet yana fitar da lambar cikin daƙiƙoƙi, a waya kuma Google Play yana nuna shekarun a ƙarƙashin sunan kowane wasa. Lambar 18 dai 18 take nufi, ko akwai tsiraici ko babu.

Abin da ya fi ɓata rai a cikin lamarin shi ne, ko a ɓangaren batsar da iyaye suka fi tsoro, an bar jaki ana dukan taiki. Haɗari mafi girma ba ya cikin zanen macen da kwamfuta ta ƙera, yana cikin hira da mutane na gaske. Wasannin waya irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da Roblox suna haɗa yaro da baƙi daga ko'ina a duniya ta hanyar rubutu ko murya, kuma hukumomin da ke sanya lambar shekaru ba sa auna abin da baƙo zai faɗa. Salon masu lalata yara a intanet sananne ne: mutum yakan fara da yabon ƙwarewar yaro, ya saya masa lu'ulu'un wasa ko wata kyauta, ya ja shi zuwa WhatsApp ko Telegram inda babu mai gani, ya nemi hoto, daga nan kuma ya koma barazanar yaɗa hoton in ba a turo kuɗi ta waya, wato MoMo, ko ƙarin hotuna ba. Maza da mata duk suna faɗawa wannan tarko. Dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020, mai lamba 1038, ta mayar da yaudarar yaro don lalata da kuma irin wannan barazana laifuka masu hukuncin ɗauri, Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa kuma tana karɓar rahoto ta lambar waya 292. Amma doka ba ta aiki sai an yi magana, yaron da aka taɓa zanewa saboda hoton da ya gilma a allo kuwa ya riga ya koyi cewa ɓoyewa ta fi masa sauƙi, kuma wannan shirun shi ne jarin mai barazana.

Hukumomi ma suna da nasu kason laifin. Dokar finafinai ta 2016, mai lamba 935, ta tanadi rarraba finafinai bisa shekaru, Hukumar Kula da Caca da aka kafa ƙarƙashin dokar 2006 kuma aikinta gidajen caca ne da masu tara kuɗi a kan ƙwallo, sai ya zama mai gidan gem a lungun Zango, a aikace, shi ne alƙalin kansa, yana kunna wa ɗan shekara takwas abin da yake kunna wa ɗan shekara ashirin muddin an biya. Masu wa'azi da ke kashe sa'a guda a kan shigar 'yan mata ba su cika ware minti biyar su koya wa iyaye karanta lamba ɗaya ba, ƙungiyoyin iyaye da malamai a makarantun Islamiyya kuma sun fi tattauna kuɗin makaranta da hana shigowa da waya, kamar dai yaron ba zai koma gida ya tarar da ita ba.

Abin yi ba shi da tsada. Ya wajaba uba ko uwa su san sunan kowane wasa da ke wayar yaro da kuma lambarsa, a cire duk wanda ya zarce shekarunsa tare da yi masa bayanin dalili, ba a fasa waya ba. Manhajar Family Link ta Google, wadda kyauta ce, tana ba iyaye damar hana sauke abin da ya wuce shekarun da suka zaɓa da kuma ƙayyade lokacin amfani, na'urar PlayStation ma tana da irin wannan makulli. Ga wanda bai kai shekara 13 ba, ya kamata a rufe hira da baƙi gaba ɗaya, wanda ya girme haka kuma a yi wasan a tsakar gida ko falo, waya ta kwana a ɗakin iyaye. Iyayen da ba su iya boko ba su nemi wani amintacce cikin dangi ya saita musu, amma lambar sirrin ta zauna a hannunsu, ba a hannun yaro ko abokinsa ba. Zama na rabin sa'a a gefen yaro yana wasa, ana tambayarsa abin da ake nema a ci da kuma su wane ne yake magana da su, ya fi bincike a ɓoye amfani. Masu gidajen gem kuwa, shugabannin unguwa na da ikon zama da su a yi yarjejeniya cewa wasannin 18 ba na yara ba ne, kuma ba a karɓar ɗalibi a lokacin makarantar boko ko ta allo.

Idan aka tarar wani ya riga ya nemi hoto ko yana barazana, kada a biya ko sisi, kada a goge saƙonnin domin su ne shaida, a kira 292 ko a je sashen 'yan sanda na DOVVSU, wanda ke kula da cin zarafin mata da yara, kuma a tabbatar wa yaron cewa shi aka zalunta. Idan kuma matsalar ta yawan wasa ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtuka da ta amince da shi a 2019, tana nufin wanda ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan karatu da barci da mu'amala, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. Wannan aikin likita ne, kuma akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Yaron da ke buga ƙwallo sa'a ɗaya bayan ya gama aikin makaranta ba mara lafiya ba ne, bai kuma kamata a ɗauke shi haka ba. Ƙyamar tsiraici tana da muhallinta, babu mai neman iyaye su sassauta ta; abin da ake nema shi ne a ƙara mata tambayoyi biyu kafin a yanke wa kowane wasa hukunci, wato shekarun da aka rubuta masa, da kuma mutanen da yake haɗa yaro da su.