Tallar Kayan Abinci ta Waya

Talla ita ce sanar da mutane abin da ake sayarwa, da kuɗinsa, da inda za a same shi. Matan ƙasar Kafur sun gaje ta kaka da kakanni. Uwar gida tana daga cikin gida ta soya waina ko ƙosai, yarinya ta ɗora tire a ka ta zaga unguwa tana kira. Mai fura ta san gidajen da take shiga, mai daddawa an san ranar fitowarta kasuwa. Abin da ya sauya a wannan zamani shi ne faifan tallar. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga baya aka sami mai ɗaukar hoto da shiga intanet. Yau waya tana iya ɗaukar tallar, yarinya kuma ta tafi makaranta abinta.

Kayan sayarwar iri biyu ne. Akwai na ci yanzu, kamar waina, awara, ɗanwake, zoɓo da kunun aya, waɗanda kasuwarsu ba ta wuce cikin gari. Akwai kuma masu jure tafiya: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji, daddawa, garin kunu, dambun nama, da kayan gara irin su alkaki, nakiya da dubulan. Waɗannan su ne waya ta fi yi wa rana. Yankin Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce, gyaɗa da waken suya da barkono da masara suna sauƙi da kaka. 'Yan Kafur da Masari da Mahuta da Gozaki da ke zaune a Kaduna, Kano, Zariya da Abuja kuwa kullum suna kewar abincin gida. Su ne masu saye na farko, su ne kuma ke jawo maƙwabtansu.

Sitatus da guruf

Hanya mafi sauƙi ita ce WhatsApp. Tun 2017 yake da wurin da ake kira sitatus, inda ake ɗora hoto ko ɗan bidiyo ya yi awa 24 ya ɓace. Sai wanda aka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye ta mai sana'a, zai gani. Saboda haka duk wanda ya saya sau ɗaya a roƙe shi ya ajiye lambar. Hoto biyu ko uku sun isa a rana. A rubuta sunan kaya da awo da kuɗi a ƙarƙashi, domin mai saye da yawa yana jin nauyin tambaya, sai ya wuce. Facebook da TikTok suna kai talla ga waɗanda ba a sani ba. Kada a jefa mutum cikin guruf ɗin WhatsApp ba tare da izininsa ba. Duk wannan yara ma sun iya shi, ba ya buƙatar dogon bayani.

Hoton aro

Abin da ke buƙatar dogon bayani shi ne hoton da ake ɗorawa. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wadda ta kashe wa mata da yawa kasuwa: mai sana'a ta shiga Facebook, ta ga hoton abincin wata ya yi kyau, ta sauke shi ta ɗora a matsayin nata. Wannan shi ne hoton aro. Dokar wannan babi guda ce: abin da bai fito daga tukunyar mai sana'a ba, ba ya hawa sitatus ɗinta.

Ga yadda abin ke faruwa. A wani gida, uwar gida ta gama tuyar alkaki bayan la'asar, ta tsame shi daga ruwan sukari ta jera a babban faranti. Alkakinta mai daɗi ne, unguwa ta shaida, sai dai yakan ɗan yi duhu. 'Yarta ta ɗauki hoto a bakin madafa, hayaƙi ya turnuƙe, hoton ya fito dishi-dishi.

"Inna, wannan bai fito ba. Bari in ɗauko miki wani a Facebook, na wata mai girki a Kano. Kin gan shi, jawur kamar zinariya."

"To ai ba nawa ba ne, 'yar nan."

"Kai Inna! Kowa haka yake yi. Alkaki ai alkaki ne."

Maigida ya dawo daga gona, yana zaune bakin rijiya yana wanke ƙafa, ya jiyo su. Ya ce, "Ni dai in na kai masara kasuwa, wadda ke bakin buhu ita ce a gindin buhu. Shi ya sa dillali ba ya soka mini ƙarfe sau biyu."

Uwar gida ta ce, "Malam, wannan harkar waya ce, ba ta buhu ba."

Kaka tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Zanen aro dai ba ya rufe katara." Yarinyar ta tura baki, ta danna, hoto ya hau.

Kwana biyu sai ga oda daga wata Hajiya a Kaduna, za ta aurar da 'ya, tana son bokiti biyu na gara. Gida ya ɗau murna. Aka ranto kuɗin alkama da sukari da mai, aka kira maƙwabta biyu taya aiki, aka kwana ana murzawa ana soyawa. Aka kai tasha aka ba direba. Washegari da hantsi waya ta yi ƙara.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Wannan ne abin da kika nuna mini?"

"Hajiya, ki ɗanɗana mana ki ji."

"Ban sayi ɗanɗano ba, abin da na gani na saya. Dangin miji zan kai wa wannan?"

Hajiya ta ɗauki hoton abin da ya iso mata, ta jera shi da na sitatus, ta tura guruf ɗin danginsu. Kafin azahar ya iso wayoyin matan Kafur. Aka mayar da kuɗi, aka biya motar dawo da kaya, bashin mai shago yana nan. Alkakin ba shi da aibi ko kaɗan. Da hotonsa na gaskiya aka ɗora, da wadda ke son irinsa ta saya ta yi godiya, Hajiya kuma ta nemi irin nata a wani wuri, kowa ya rabu da kowa lafiya.

Abin takaici, maƙwabtan da suka taya tuyar, suka ji wayar da kunnensu, su ne bayan mako guda za a ga sun ɗora hoton dambun nama na aro. Akan sami hoto guda a sitatus ɗin gida huɗu a unguwa ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya, kowace tana cewa yanzu ta sauke. Wa ake yaudara? Mai saye yana da ido, yana kuma da lambobin su huɗun. Ɓarnar ba ta tsaya kansu ba, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya cewa wance ta cuce shi, cewa yake kayan waya ba abin yarda ba ne, mai gaskiya ta rasa ciniki a kan laifin da ba nata ba.

Manomi ya san sunan wannan aiki. Wanda ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, algus ya yi. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba. Hoto shi ne saman kwandon mai talla ta waya.

Hoton aro yana da 'yan'uwa. Akwai tsohon hoto na sallar bara, lokacin da dubulan ke da girma kafin sukari ya yi tsada. Akwai filta mai sauya launi, ta mai da yaji ja wur alhali ruwan ƙasa ne. Akwai cika roba taf don hoto, a aika da wadda ba ta cika ba. Yanzu ma akwai hoton da kwamfuta ke ƙerawa, na abincin da ba a taɓa dafawa ba. Hukuncinsu ɗaya: abin da mai saye ba zai karɓa a hannunsa ba, ba a nuna masa shi.

Maganin mummunan hoto shi ne koyon ɗauka. A goge idon kyamara da gefen mayafi, domin maiƙo da hayaƙin murhu ne ke sa dishi-dishi. A fito da kayan zuwa tsakar gida da hantsi, a ajiye a bakin inuwa inda haske yake amma rana ba ta dukansu. A sa a farin faranti ko sabon faifai. A kawar da tsintsiya da bokitin wanke-wanke, a kore kaji. A ajiye cokali ko kwanon awo a gefe don a gane girma. A ɓara guda ɗaya a nuna cikinsa. A ɗauki biyar a zaɓi ɗaya. Ba sai fuskar kowa ta fito ba, hannu ya wadatar.

Nuni kai-tsaye

Nuni kai-tsaye shi ne a kunna kyamara mutane suna kallo a daidai lokacin da ake aikin. Facebook ya buɗe wa kowa wannan a 2016. TikTok ma yana da shi, amma sai mai shekara 18, kuma galibi sai mabiya sun kai 1,000. Mutane suna son kallon girki. Shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24 shaida ne, haka ma Hilda Baci da ta yi girki a Legas a watan Mayun 2023, jama'a suna bin ta ta waya, har aka rubuta mata awa 93 da minti 11 a kundin Guinness.

Amfanin nuni kai-tsaye ga mai ƙaramar sana'a shi ne ba a iya aronsa. Gani ya kori ji. Wanda ya ga ana matse tunkuza, mai yana tsatsowa, ya ga an mulmula ƙuli-ƙuli an jefa a kasko, ba ya sake tambayar ko na waye. A sanar da lokaci tun jiya. A cika caji, a tanadi data. A jingina wayar a kan turmi, nesa da mai da wuta. Minti 10 zuwa 15 sun isa. A sami mai karanta tambayoyi, don hannu ɗaya ba ya tuya da latsa waya. A ɗaure kai, a yanke farce, a rufe ruwa, domin kyamara ba ta rufa asiri. Tsakar gida ta mutane da yawa ce, sai da yardar maigida da sauran matan gida. Kada a nuna ƙofar gida, ko kuɗi, ko a faɗi ranar tafiya. Inda sabis ba shi da ƙarfi, a ɗauki gajeren bidiyo a ɗora daga baya, amma na ranar, na gidan, na tukunyar.

Murya

Bahaushe mutumin rediyo ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Freedom Radio ta Kano a 2003. Fodkas ɗan wannan gida ne: shirin murya da ake ajiyewa a intanet, a saurara lokacin da aka ga dama, kamar Najeriya a Yau na jaridar Aminiya. Mai sana'a a Kafur tana da ƙaramin irinsa a hannunta, wato saƙon murya. Sau ɗaya a mako, rana guda sananniya, ta yi minti 2 ko 3 tana koyar da abu ɗaya: yadda ake ajiye yaji kada ya dunƙule da damina, ko yadda ake kwaɓa garin ɗanwake. A ƙarshe ta faɗi abin da ke akwai da kuɗinsa. Wannan yana kai wa ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba tukuna. A shiga ɗaki a rufe ƙofa, a bari injin niƙa ya yi shiru.

Baki ma yana aro. Wadda ta ce da zuma ta yi alhali sukari ne, ko ta ce man gyaɗa zalla alhali ta sirka, ta ɗora hoton aro da harshenta.

Kuɗi da aikawa

Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa. Ba a sakin kaya don an turo hoton rasit, domin shi ma ana ƙirƙirarsa. A duba asusu a ga kuɗin sun zauna. Lambar sirri da BVN ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga banki yake. Mai son kai kayanta manyan shaguna cikin leda mai suna sai ta nemi rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993.

Kaya sukan fita ta Malumfashi zuwa Kano ta hanyar Gwarzo, ko ta Funtuwa zuwa Zariya da Kaduna. Kafin a rufe bokiti a ɗauki hoton ainihin kayan a tura wa mai su, ya gani ya amince. A ɗaure da kyau, a rubuta suna da lambar waya a jiki, a tura masa lambar direba. A littafi kuma a rubuta rana, da sunan mai saye, da abin da ya saya, da kuɗin mota. Idan kaya sun isa ya turo hoto yana yabawa, a nemi izininsa kafin a ɗora a sitatus, a kuma rufe sunansa da lambarsa.