Hisabin Man da Mota Ke Sha

Tambaya: Malam, motata ta alfarma tana shan mai fiye da abin da aka rubuta a littafinta. Yaya zan san haƙiƙanin shanta?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sani adadin da ke cikin littafin a ɗakin gwaji aka samo shi, inda babu cunkoson gari, babu gargada, babu zafin bazara mai tilasta kunna na'urar sanyaya, saboda haka saɓaninsa da abin da ka gani ba lallai ne ya zama alamar illa ba. Hanyar tabbatarwa ita ce ka cika tanki maƙil, ka rubuta lambar ma'aunin nisa, sa'an nan idan ka sake cikawa ka raba kilomitan da ka yi da litocin da suka shiga. Alal misali, kilomita 400 da lita 50, kowace lita ta kai ka kilomita 8 ke nan. Ka maimaita wannan hisabi sau da dama, domin shaida ɗaya ba ta isa hukunci. In shan ya ƙaru ba dalili, duba iskar taya tukuna, sannan ka nemi ƙwararren makanike. Allah Ya tsare hanya.