Shinkafarmu a Farantin Birni

'Ya'yana da jikokina na Kura da Bunkure da Garun Malam, maganar yau ba ta taki ba ce, ba kuma ta rabon ruwa a kanal ba, ko da yake kun san halina, duk inda na zaga sai na faɗo kansu. Maganar cin abinci ce a waɗannan sababbin gidaje na birni da kuke ta yayi.

Kwanakin baya, bayan an kwashe shinkafar rani, wani jikana ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, yau a sa babbar riga, birni za mu, ni zan ciyar da kai." Na ce, "Kai da ko goro ba ka taɓa saya mini ba?" Ya ce ai shi ya sa, bashin zai biya gaba ɗaya. Muka shiga mota, da ni da kakarsa da ƙannensa biyu. Muka hau titin Zariya, muka wuce masu gasa masara a Karfi, muka haye gadar Tamburawa, muka kutsa ta Na'ibawa, har wani sabon gidan abinci can wajen Nasarawa. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda ba su ba ni kuɗin talla ba.

Gani ya kori ji. Ƙofa ta gilashi, kana turawa sanyi ya tare ka kamar asubahin hunturu a bakin fadama. Fitilu a kunne da rana tsaka. Wani yaro mai fara'a ya ja mini kujera, ya miƙo takarda cike da Turanci. Na miƙa wa mai gayya na ce ya zaɓa. Kakarsa kuwa ta juya cokali mai yatsu gaba da baya, ta ajiye, ta ce a kawo mata ruwan wanke hannu. Aka kawo, ba wanda ya yi dariya. Muka ci soyayyiyar shinkafa da kaza da salak, yara suka sha askirim. Na murza ƙwara ɗaya a yatsa, na ga 'yar gida ce, irin wadda muke yankewa. Abinci ya yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Da aka kawo rasit jikan nawa ya yi saurin naɗewa, amma idon tsoho ya riga shi. Kuɗin farantina ni kaɗai, da a kasuwar Kura ne, ya isa ya sayi shinkafar da gidana zai ci har a miƙa wa maƙwabta.

To, kada ku zaci zan ce kar ku je. Ku je. Wanda ya sha rana a fangali yana da haƙƙin ya sha inuwa. Kuma ba ni cikin masu cewa abincin baƙi ne zai lalata ku. Gurasar da Kano ke taƙama da ita Larabawa ne suka zo da ita. Shawarmar da kuke so ta mutanen Sham ce, su Labanan da Siriya, waɗanda suka daɗe suna zaune tare da mu a Kano. Kai, shi kansa tumatirin da muke tinƙaho da shi, da masara da barkono, asalinsu daga nahiyar Amurka suke. Bakin Bahaushe ya daɗe yana karɓar baƙo ya mai da shi ɗan gida.

Abin da nake so ku riƙe shi ne inda kuɗin da ke aljihunku ya fito. Da yawanku kun buɗe ido kun ga ruwa yana gudu a kanal cikin watan bazara, kun ɗauka haka Allah ya halicci Kura. A'a. Iyayenmu da jigo suke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, kuma da an kai amfanin damina rumbu sai samari su ɗaure ƙunshi su tafi ci-rani. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974, aka janyo ruwa ta Ruwan Kanya zuwa Kadawa da Bunkure da nan wajenmu. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta karɓi ragamar aikin. Sai lamari ya juye: mu da muke zuwa ci-rani, yau wajenmu ake zuwa neman aikin dashe da yanka. Mun yi zamanin alkama, musamman da aka hana shigo da ta waje a 1987. Da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019, shinkafarmu ta yi daraja, injinan casa suka cika gari, yara ƙanana suka fara riƙe kuɗin da ubanninsu ba su taɓa ƙirgawa ba. Alhamdu lillahi. Amma wannan kuɗi ba albashi ba ne.

A nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Abokinka na birni da kuka zauna teburi ɗaya, in ma'aikaci ne, ko ya ƙarar da na aljihunsa yau, ƙarshen wata wani zai shigo. Kai naka sau biyu yake zuwa a shekara, in an yi sa'a sau uku. Ranar da ka sayar da shanshera buhu kaza, wayarka ta yi ƙara, ka ga lambobi sun jeru, sai zuciya ta ce maka ka zama attajiri. Ba ka zama ba tukuna. A cikin kuɗin nan akwai na iri, akwai na kamfa da yuriya, akwai na feshi, da hayar gona in haya kake, da kuɗin ruwa, da na masu dashe, da na yaran da za su yini suna korar jan-baki. In kana tura ruwa da inji akwai na fetur, kuma kun san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Sai ka zare duk wannan, abin da ya rage shi ne naka. Daga nan ake cin kaza. Wanda ya ci daga uwar kuɗi, lokacin zuba taki zai je wajen dillali ya karɓi bashi a kan amfanin da bai nuna ba, a farashin da dillali ya ga dama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu tumatir sun fi kowa sanin wannan. Kun ga shekarun da kwanduna ke jeruwa a Kwanar Gafan, motocin Legas sun cika, ba mai tayawa, har mutum ya yanka ya shanya a bakin titi ya yi kauɗa don kada ya tashi a tutar babu. Kun kuma ga 2016, da tsutsar nan da muke kira sharon ta shiga gonaki ta cinye su cikin 'yan kwanaki, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda a shekarar aka buɗe ta, ta rasa abin niƙawa. Wanda ya ajiye wani abu ya sake shuka. Wanda bai ajiye ba ya sayar da babur.

Kada kuma ku ce masu gidan abincin cuta suke yi. Na zauna na yi musu lissafi irin na manomi. Akwai hayar wuri a unguwar masu hali, ga dizal da injin wuta ke sha dare da rana, ga albashin masu girki da masu hidima, ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da gwamnati ke karɓa tun 2020. Shinkafar da ke cikin farantin ita ce mafi arha a cikin abin da ka biya. Sanyi ka saya, da kujera, da fitila, da "barka da zuwa". Ba laifi ba ne mutum ya sayi sanyi, in dai ya san shi ya saya.

Sai maganar waɗanda kuke zuwa tare. A tasowarmu, in an fito da akushi ƙofar gida, duk wanda ya zo wucewa "bismilla" ake ce masa, ba a tambayar me ya kawo. Yanzu na ji akwai tsarin kowa ya biya nasa. Ban ƙi ba, wani lokaci ya fi sauƙi, amma a faɗe shi tun daga gida. Kada ku ja yaron da kuka san bana ambaliya ta ci gonarsa, ku zaunar da shi gaban takarda, ya ce shi ya ƙoshi, ruwa kawai zai sha, alhali kun san tun koko bai sa komai a cikinsa ba. In kun gayyace shi, ku ɗauke masa, kuma a ɗauke a asirce. Wanda ya biya kada ya mai da abin labari a majalisa. Kai kuma da ake biya maka kullum, ka ji kunya wata rana. In ba ka iya na birni, ka kira su gida, ka sa a yi musu ɗanwake da mai da yaji, ko ka sayi tsire da gurasa ku zauna a tabarma. Ba wanda zai raina, sai wanda dama ba abokinka ba ne.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki a gidan abincin da muka je. Teburin da ke kusa da mu samari ne huɗu. Da aka kawo abinci ba wanda ya ce bismilla, sai wayoyi suka tashi sama, ana ɗaukar hoto ta nan, ana ɗauka ta can, har abinci ya huce. Da suka fara ci kuma kowa kansa a sunkuye. Na ce a raina, to da kowa ya zauna a ɗakinsa mana. Ku ɗauki hoto ɗaya don tarihi, ku kife waya, ku dubi fuskar juna. Kuma kafin ka ɗora a WhatsApp ko TikTok, ka tuna su wa za su gani: akwai mai bin ka kuɗin taki, akwai ƙanwarka da aka koro daga makaranta, akwai maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba.

Ku samari masu neman aure, kada ka ci bashi don ka burge yarinya da abin da ba za ka iya riƙewa ba bayan an ɗaura. Ku kuma 'yan matana, amarena, kada ki auna mutum da inda ya kai ki. Ki tambaya ko gonarsa tana da ciyawa. Kuma a fita da sanin iyaye, da rakiyar ƙani ko ƙanwa.

Yayi kuwa ba ya zama. An yi na Mr Bigg's, ya wuce. Da aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a titin Gidan Zu a 2014, har daga ƙauyuka ake cika mota a je Shoprite a ɗauki hoto. A farkon 2024 Shoprite ɗin ya rufe ƙofarsa a Kano. Wanda kuke rububi yau, gobe wani zai danne shi. Saboda haka ba sai kun zaga duka ba.

In kun shiga, ku shiga da kanku a sama. Na lura wasunku da an tambaye su daga ina, sai su ce "Kano", a daƙile, kamar Kura abin kunya ce. Garin da rininsa ya kai har ƙasar Buzaye suna naɗa rawaninsa, garin da yau yake ciyar da birnin? Ba ka san sunan abinci ba, tambaya. Ba a rubuta farashi ba, tambaya kafin a kawo. Ai ko a kasuwa ba ka ɗaukar buhu sai ka ji kuɗinsa. Yaron da ke kawo maka faranti ɗan wani ne, wataƙila ma ɗan ƙauye ne irinka da ya zo neman na kansa. Ka yi masa sannu, in da hali ka bar masa ɗan wani abu. Kada ku yi odar abin da ya fi cikinku. Ku da kuka san bayan da ya sunkuya kafin a sami kwano ɗaya, bai kamata a ga kun bar rabin faranti an kwashe zuwa bola ba. Abin da ya rage a ƙunshe muku, akwai almajiri a bakin ƙofa. Kuma ku buɗe ido irin na ɗan kasuwa: latas da kokwamba da koren tattasai da albasar da ke cikin salak ɗin nan, wani ne yake kawo musu daga 'Yankaba kowace safiya. Me zai hana wani a cikinku ya nemi manajan, ya ce yana da gona a Kadawa?

In magariba ta same ku a can, ku tashi ku yi salla, abinci ba ya gudu. Kada kuma ku kai dare. Titin Zariya da manyan motoci ba wurin gudu ba ne ga wanda ya ƙoshi yana jin barci.

A hanyarmu ta dawowa kakarku ba ta ce komai ba sai da muka wuce Tamburawa. Sannan ta ce shekara arba'in tana turara shinkafa, hayaƙi ya cinye mata ido, ba ta taɓa zama wani ya dafa ya kawo mata har gabanta ya kuma kwashe kwano ba sai yau. Ta yi ta sa wa jikan nata albarka har muka iso gida. Kuɗin nan kam ban ji zafin fitarsu ba, musamman da na bincika na tarar ya riga ya sayi takinsa ya jingine a ɗaki.

Saboda haka in an kwashe amfanin bana, kun ware na gona, kun biya masu bin ku, kuka shirya shiga birni, ku fara leƙawa cikin gida ku tambayi iyayenku mata ko za su je. Za su ce a'a sau biyu, ku sake tambaya ta uku. In kuma akwai sauran wuri a motar, kun san inda nake zama bayan la'asar.