Annobar Korona Da Rabon Da Bai Zo Daidai Ba

Sa'ad da annobar Korona ta iso Nijeriya a watan Fabrairu 2020, aka yi ta shela cewa cutar ba ta san mai arziki ko matalauci ba. Amma umarnin da ya biyo baya ya nuna bambancinsu a fili. Aka ce kowa ya riƙa wanke hannu da sabulu, ya kuma zauna a gida. Iyalin da suke sayen ruwa a wurin mai garuwa, da gwauruwar da sai ta fita kasuwa kafin 'ya'yanta su ci tuwon dare, ba su da halin kiyaye wannan doka kamar mai albashi.

Batun rigakafi ya fi ban takaici. Ingila ta fara yi wa mutanenta allura ranar 8 ga Disamba 2020. Nijeriya kuwa, mai mutane fiye da miliyan 200, ba ta sami kason farko ba sai 2 ga Maris 2021, wajen allurai miliyan 4 ta shirin COVAX, gama ƙasashe masu arziki sun riga sun yi cinikin yawancin maganin. Waɗansu alluran da aka ba da kyauta daga baya sun iso gab da ƙarewar wa'adinsu, har a Disamba 2021 hukuma ta lalata fiye da miliyan 1 a Abuja.

Nan ne mutane da yawa suka fara jin cewa Afirka tana sayo kusan dukan rigakafinta daga waje.