Gurbin Karatun Likita a Wuri Biyu: Wanne Ya Kamata Ɗalibi Ya Karɓa?

Gabatarwa

A kowace shekara akan sami wasu ɗalibai da ke shiga wani hali mai daɗi amma mai ruɗarwa, wato samun gurbin karatun likita a wuri fiye da ɗaya. Wani jami'ar tarayya ce ta kira shi, ga kuma gwamnatin jiharsu ta sa sunansa cikin waɗanda za ta tura ƙasar waje. Wata kuwa jami'a mai zaman kanta ce ta ba ta likitanci, jami'ar garinsu kuma ta ba ta wani fanni makusancinsa. Tun daga 2017 da hukumar JAMB ta shigo da tsarin CAPS, gurbi ɗaya tak ɗalibi ke iya karɓa a cikin gida Nijeriya, saboda haka tilas a yi zaɓi. Sau da yawa abin da ke yanke hukunci shi ne sunan jami'a, ko kyan gine-ginenta a hoto, ko inda aboki ya tafi. Manufar wannan darasi ita ce nuna ma'aunan da suka fi waɗannan inganci.

Tsawon tafiyar

Karatun digirin MBBS a Nijeriya shekara shida ne. Ta farko ta kimiyyar share fage ce. Daga nan sai ilimin ƙirar jiki, da na aikin gaɓoɓi, da na sinadaran jiki, waɗanda ake rufewa da babbar jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai masu yawa. Shekaru ukun ƙarshe kuwa a asibiti ake yin mafi yawansu. Bayan an gama, sai Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, ta yi wa mutum rajistar wucin gadi, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya sami cikakkiyar rajista. Ke nan takardar ba da gurbi ƙofar shiga ce kurum. Abin da ake nema shi ne lasisin duba majinyaci, kuma da shi ya kamata a auna kowace makaranta tun daga ranar farko.

Wani darasi daga tarihi

A farkon ƙarni na 20 makarantun likita sun yi yawa a Amurka, kuma da dama daga cikinsu kasuwanci kawai suke yi. Sai Gidauniyar Carnegie ta ɗora wa wani malamin makaranta mai suna Abraham Flexner, wanda shi ba likita ba ne, aikin binciken su. Ya ziyarci makarantu 155 a Amurka da Kanada, ya fitar da rahotonsa a 1910. Abubuwa biyar ya duba a ko'ina: sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, yawan malamai da iliminsu, kuɗin da makaranta ke da shi, ɗakunan gwaje-gwaje, da kuma asibitin da ɗalibai ke koyon aiki. Kafin 1935 fiye da rabin makarantun likita na Amurka sun rufe ko sun haɗe da wasu. Abin lura shi ne, tambayoyin da ya yi ba su gagari ɗalibin sakandare ko mahaifinsa ba.

Ma'auni na farko: amincewar hukuma

Hukumomi biyu ke tantance karatun likita a Nijeriya. Hukumar Kula da Jami'o'i, wato NUC, tana duba digirin a matsayin karatun jami'a, ita kuwa MDCN tana duba shi a matsayin horon sana'a. MDCN kan buga jerin makarantun da ta amince da su, tare da adadin ɗaliban da ta yarje wa kowace ta ɗauka, gwargwadon malamai da kayan aikin da ta gani. Tambayoyi biyu ne a nan. Shin makarantar ta sami cikakkiyar amincewa, ko kuwa izinin soma matakin farko kaɗai aka ba ta? Sannan ɗalibai nawa ta ɗauka bara, nawa kuma aka yarje mata? Makarantar da ta ɗebi ninkin adadinta, ko dai ta zubar da rarar a jarrabawa, ko ɗalibanta su yi ta jiran layi kafin a yi musu rajista.

Wanda zai tafi waje kuwa ya sani cewa idan ya dawo sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa majinyaci. Ya kamata ya tabbatar makarantar tana cikin kundin makarantun likita na duniya da ke intanet, kuma hukumar likitocin ƙasarta ta amince da ita.

Ma'auni na biyu: asibiti da majinyata

Likitanci a gefen gadon majinyaci ake koyonsa. Shi ya sa kowace tsohuwar tsangayar likita take jingine da babban asibiti: Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika, Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, haka nan Sakkwato da Maiduguri da Jos. Amma girman asibiti shi kaɗai bai wadatar ba, sai an raba shi da yawan ɗalibai.

Ga misali na lissafi. A ce makaranta ta farko tana da asibiti mai gado 600, kowane aji kuma ɗalibai 200. Azuzuwa uku ne ke asibiti a lokaci guda, wato ɗalibai 600, kowa gado ɗaya ke nan. Ta biyu kuwa gadonta 300 ne, aji kuma ɗalibai 50, wato 150 a asibiti, kowa gado biyu. Ƙaramar ta ninka babbar wajen damar da ɗalibi ke da ita ta ɗaukar tarihin ciwo, da sauraron ƙirji, da tsayawa a ɗakin haihuwa. Sai dai kuma a tambaya ko gadajen a cike suke, domin gadon da babu kowa a kansa ba ya koyar da komai. A kuma tambayi yawan ƙwararrun likitoci na dindindin a sassan tiyata, da yara, da mata, da cututtukan manya. Ɗaliban aji biyar da shida na makarantar su ne suka fi kowa sanin amsar.

Ma'auni na uku: harshe da irin cututtuka

A 1975 wasu likitoci a Ingila, ƙarƙashin John Hampton, sun bi diddigin sababbin majinyata 80 da aka turo asibiti. Suka gano cewa a 66 daga cikinsu an gane cutar tun daga hirar da likita ya yi da majinyaci, kafin gwajin jiki ko na jini. Wannan na nuna cewa harshe kayan aiki ne. Akwai jami'o'i a Masar da Rasha da Sin da ke koyarwa da Turanci, amma majinyacin da ke kwance Larabci ko Rashanci ko Sinanci yake ji. Ɗalibin da bai shirya koyon harshen ƙasar ba zai kwashe shekarun asibiti yana ɗan kallo.

Haka kuma cututtuka sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sikila, da sanƙarau, da tamowa, da yoyon fitsari, da saran maciji, abubuwa ne da ɗalibin Zariya ko Maiduguri zai gani da idonsa. Takwaransa na ƙasar sanyi mai yiwuwa sai a littafi, ko da yake shi ma zai iya fin na gida sanin na'urorin zamani. Wanda ke da niyyar aiki a gida ya sa wannan a sikeli.

Ma'auni na huɗu: kuɗi da zaman lafiya

Kuɗin shekara shida za a lissafa, ba na shekarar farko ba. A farkon watan Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyalin da ke biyan kuɗin makaranta da dala sun ga nauyinsu ya ninka sau uku cikin wata takwas. Wanda gwamnati za ta ɗauki nauyinsa ya nemi sanin abin da tallafin ya ƙunsa a rubuce, da kuma yadda na gabansa suka kwashe.

Babu ɓangaren da ya kuɓuta daga tsaiko. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022 ya rufe mafi yawan jami'o'in gwamnati daga Fabrairu zuwa Oktoba. A wannan shekarar yaƙi ya ɓarke a Yukiren, kuma a watan Yuni MDCN ta sanar cewa ba ta yarda da karatun likita ta intanet ba. A Afrilun 2023 kuma rikicin Sudan ya sa aka kwaso ɗalibanmu, da yawansu 'yan Arewa, karatunsu a tsakiya. Yajin aiki yakan ci watanni, amma katsewar karatu a wata ƙasa tana iya cin shekaru, domin sauya makarantar likita ba abu ne mai sauƙi ba.

Gurbin da ba na likita ba

Akan ba ɗalibi fannin ƙirar jiki ko aikin gaɓoɓi a jami'ar da yake so, a ce masa ya shiga, daga baya ya sauya. Waɗannan fannoni ne masu daraja, amma digirinsu ba ya kai mutum ga lasisin likita, kuma guraben sauyawa kaɗan ne saboda ƙayyadadden adadin nan. Idan a ɗaya gefen akwai gurbin MBBS a makarantar da aka amince da ita, kuma aljihu zai ɗauka, to ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kammalawa

Ma'aunan nan ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko sharaɗi ne: makarantar da ta faɗi a kansa an fitar da ita, kome kyanta. Na huɗu shi ke nuna ko za a iya kaiwa ƙarshe. Na biyu da na uku su ke nuna irin likitan da za a zama. Muna ba malaman kimiyya shawara su sa ɗaliban ajin ƙarshe su zaɓi makarantu biyu, su nemo adadin da MDCN ta yarje wa kowace, da yawan gadajen asibitinta, da kuɗin shekara shida, su kawo a tattauna a aji tun kafin cike fom ɗin JAMB. Matambayi dai ba ya ɓata.