Ina Za Mu Zauna? Auna Unguwannin da Ke Kewaye da Abuja

Kowace shekara, cikin ɗaliban da suka gama karatu a nan, akan sami waɗanda a ƙarshe za su nufi Abuja: waɗansu domin karatu mai zurfi, waɗansu domin bautar ƙasa, waɗansu kuwa neman aiki. Tambaya ta fari da ke jiransu ita ce wurin kwana. A cikin wannan darasi za mu duba unguwannin da ke kewaye da birnin, mu auna amfanin kowace da wahalarta, domin mu koyi yin lissafi kafin mu ba mai gida kuɗinmu.

Me ya sa mutane ke zama a bayan gari?

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Ran 12 ga Disamba, 1991, aka ƙaura da mazaunin gwamnati daga Legas. An tsara unguwanni irin su Garki, Wuse, Maitama da Asokoro da kyau, amma hayar gida a cikinsu ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sa'an nan tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufai ke minista, an rushe gidaje masu yawa da aka ce sun saɓa wa tsarin birnin. Saboda haka yawancin masu aiki a Abuja da rana, a bayan gari suke kwana. Bari mu bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar Keffi: Nyanya, Karu, Mararaba da Masaka

Nyanya da Karu suna cikin yankin babban birnin tarayya, amma da an ƙetare zuwa Mararaba da Masaka an shiga Jihar Nasarawa. Amfanin wannan gefe a bayyane yake. Haya da sauƙi, abinci kuma da araha, gama doya da lemo da sauran amfanin gona daga Binuwai da Nasarawa ta nan suke shigowa. Wanda gidansu ke Filato ko Nasarawa ko Binuwai yana bakin hanyar gida, wato ta Keffi da Akwanga, kuma da wuya ya rasa ɗan garinsu a unguwa.

Wahalar ita ce cunkoson motoci. Nyanya ba ta da nisa da Asokoro, amma dubban mutane babbar hanya guda suke bi da safe, su sake binta da yamma. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ranar Lahadi takan ci awa biyu ranar Litinin. Unguwanni da yawa a Mararaba sun tashi ba tare da tsari ba, lunguna sun matse, magudanan ruwa ba su isa ba, gidaje da dama kuma sun dogara ga 'yan garuwa da rijiyar burtsatse.

Hanyar arewa: Kubwa, Bwari, Zuba da Suleja

Kubwa tana cikin ƙaramar hukumar Bwari, kuma tana ɗaya daga cikin manyan garuruwan da ke kewaye da birnin. Ta fi Nyanya nisa, amma hanyarta mai faɗi ce. Akwai babban asibiti da makarantu da kasuwanni, a nan ne kuma sansanin masu bautar ƙasa yake. Madatsar ruwa ta Usuma, wadda ke shayar da Abuja, tana wannan yanki, shi ya sa waɗansu sassan Kubwa ke samun ruwan famfo. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, yana da tasha a Kubwa. Sai dai jin daɗin nan ya jawo jama'a, haya kuwa ta hau.

Bwari ta fi shiru da iska mai daɗi, can ne kuma makarantar horar da lauyoyi da hedkwatar hukumar JAMB suke. Amma a watan Janairu na 2024 masu garkuwa da mutane sun addabi waɗansu unguwannin wannan ƙaramar hukuma, musamman na gefen daji da duwatsu. Gaba da Zuba akwai Madalla da Suleja a Jihar Neja. Suleja tsohon gari ne mai sarki, shi ne ma ainihin mai sunan Abuja kafin a ba sabon birni sunan. Zama a can da sauƙin kuɗi, amma mai aiki a tsakiyar birni zai riƙa fita tun da asuba.

Hanyar filin jirgin sama: Lugbe, Kuje da Gwagwalada

Lugbe tana kusa da birni, hanyarta kuma mai kyau ce, ga sababbin rukunan gidaje ko'ina. Abin lura a nan shi ne ruwan sama. An gina waɗansu gidaje a kan hanyar ruwa, kuma a watan Yuni na 2023 ambaliya ta cinye gidaje da yawa a rukunin Trademore. Kuje tana da fili da damar yin ɗan noma, ko da shi ke harin da aka kai gidan yarinta ran 5 ga Yuli, 2022, ya tsorata mazauna garin ƙwarai. Gwagwalada tana da jami'a da asibitin koyarwa. Ga ɗalibi ko ma'aikacin asibiti wuri ne da ya dace, amma tana da nisan kimanin kilomita 50 daga tsakiyar birni, ga kuma zafi mai tsanani a watannin Maris da Afrilu.

Na kusa da birni: Gwarinpa da Mpape

Gwarinpa babban rukunin gidaje ne da aka soma ginawa a zamanin Janar Sani Abacha. Tituna a shimfiɗe suke, ga kusanci da wurin aiki, amma hayarta sai mai albashi mai kauri. Mpape kuwa tana kan tudu dab da Maitama, ana samun ɗaki da sauƙi, sai dai wurin fasa dutse ne, ga ƙura da cunkoso, kuma a watan Satumba na 2018 an ji motsin ƙasa a can.

Yadda za mu yi lissafi

Mun ga cewa babu unguwar da ta haɗa komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi kuɗin haya kaɗai. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Bari mu ɗauki misali. A ce mutum yana biyan naira 1,000 zuwa aiki, naira 1,000 kuma dawowa. A kwana 22 na aiki ya kashe naira 44,000, a shekara naira 528,000. Idan ɗakin da ke kusa da wurin aikinsa ya fi nasa tsada da naira 300,000 kawai, to, wanda ya zaɓa domin araha shi ne mai tsadar. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuma ya bi ta.

Haka nan lokaci. Mai yin awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, yana ba hanya awa 20 a mako. A mako 48 ya zama awa 960, wato kwana 40 cur, dare da rana. Uban da ke fita yara suna barci, ya dawo suna barci, wa zai duba littattafansu na makaranta? Matashin da ke isa gida ƙarfe tara na dare, yaushe zai yi karatun ƙarin ilimi, ko ya halarci taron matasa na tsakiyar mako? Wannan hasara ba a rubuta ta a rasit, amma iyali ne ke biyanta.

Ko da haka, kada mu ce na nesa kullum shi ne mai hasara. Malamar da ke koyarwa a Masaka ba ta da dalilin neman ɗaki a Lugbe. Mai iyali babba wanda ke son fili da ɗan lambu zai fi samun sukuni a Kuje ko Bwari. Wurin aikinmu da halin iyalinmu su ne ma'auni.

Kafin mu biya

Masu gida a Abuja sukan karɓi hayar shekara guda gaba ɗaya, ban da ladan dillali, saboda haka gyara kuskure yana da wuya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Mu je unguwar da safiyar ranar aiki, mu shiga motar haya mu ga tsawon tafiyar da idonmu. Mu duba bango ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, in da hali ma mu je da damina. Mu tambayi maƙwabta, ba dillali ba, game da wutar lantarki da ruwa da tsaro da dare. Mu san nisan asibiti da makaranta da wurin sujada. In fili za mu saya, mu tuna cewa ƙasar yankin babban birnin tana hannun gwamnatin tarayya, takardar mai unguwa kaɗai ba ta hana rusau. A bincika takardu a ofishin da ke kula da filaye tukuna.

Daga ƙarshe, duk inda muka sauka, mu tuna akwai waɗanda muka tarar. Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin sun rasa gonaki da ƙauyuka domin a gina birnin nan. Ya kamata mu girmama su, mu zauna lafiya da maƙwabta ko da addininmu ko yarenmu ya bambanta, gama ranar da wuta ta tashi ko ciwo ya kama yaro da tsakar dare, maƙwabci ne zai fara zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ma'aikacin jinya ya sami aiki a Gwagwalada, matarsa kuma tana koyarwa a Kubwa. Ina ya kamata su zauna, kuma don me?
2. Ku lissafta awoyin da mai tafiyar minti 45 zuwa, minti 45 dawowa, yake kashewa a hanya cikin mako 48.
3. Ku zaɓi unguwanni biyu a Jos ko Kaduna ko garinku, ku auna su bisa ga haya, kuɗin mota, ruwa da tsaro.